Kafin ka sayi waya, tambayi shekarar fitowarta

Waya na iya zama garau, allonta ba tabo, batirinta na kai yamma, amma kamfaninta ya daina aiko mata da sabuntawar manhaja. Daga nan ba mai toshe mata kafofin da 'yan kutse ke bi.

Wa'adin sabuntawar ya bambanta. Google ya yi alƙawarin shekara bakwai tun daga Pixel 8 na 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024. Apple kan kai shekara shida zuwa bakwai, iPhone 11 na 2019 ma ta samu iOS 26. Wayoyi masu araha kuwa galibi nasu gajere ne sosai.

Inda ake yin asara shi ne lissafin. Daga ranar da waya ta fito kasuwa ake ƙirgawa, ba ranar da ka biya kuɗi ba. Idan ka ɗauki ta hannu a kasuwar waya ta Farm Centre, ko da ɗan shago ya rantse maka "kamar sabuwa ce, Alhaji", wataƙila ta cinye rabin wa'adinta. Karɓe ta, ka shiga saitin wayar, ka duba watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe. In ya wuce shekara, ka yi tunani.

Manhajoji sun fi haƙuri, sukan ci gaba da aiki bayan kamfani ya janye. Amma ko WhatsApp ya sallami iPhone 6 a 2025. Tsohuwar waya ta isa kira da sauraron karatu, sai dai ni ba zan bar manhajar banki a cikinta ba.