Idan Harsashin Mai Kare Kansa Ya Samu Wanda Ba Ruwansa

Tun da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Arewa maso Yamma, har gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'a a watan Yunin 2022 da su nemi lasisin mallakar bindiga, mutane da dama sun ɗauka cewa duk harbin da aka yi a lokacin hari halastacce ne, ko da wa ya samu. Wannan fahimta tana da gyara, domin haƙƙin kare kai, wato damar da doka ta ba mutum ya yi amfani da ƙarfi don kawar da cutar da ke gabansa, an gina shi ne a kan maharin, amma maƙwabci ko yaron da harsashi ya samu bisa tsautsayi hukuncinsa daban ne.

Dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda aka fi sani da Final Kod kuma ta fara aiki a 1960, ta yi bayanin wannan haƙƙi a sashe na 59 zuwa 67, ko da yake lambobin sun sauya a jihohin da suka sabunta dokarsu, kamar Kaduna a 2017. Ta sharɗanta kada cutarwar ta wuce gwargwadon buƙata, kuma kada a ce akwai sararin neman agajin hukuma. Sashe na 67 ya yi sassauci ga wanda aka kai wa farmakin da zai iya halaka shi, ta yadda idan ba shi da hanyar tsira sai wadda ke iya cutar da marar laifi, to doka ta yarda ya ɗauki wannan kasadar. Sai dai sassaucin bai shafi ganganci ba, wanda a shari'ance yake nufin mutum ya san aikinsa na iya cutarwa amma ya yi ko-in-kula. Magidancin da ya ji motsi a bayan zana cikin dare ya saki wuta ba tare da ya ga ko wane ne ba, ko ɗan sa-kan da ya bi ɓarawon da ke gudu da harbi a tsakiyar kasuwa, da wuya alƙali ya karɓi uzurinsu, saboda na farko bai tantance abin da yake harbi ba, na biyu kuwa haɗarin ya riga ya gushe. Idan an rasa rai, tuhumar kan zama ta kisan da hukuncinsa ɗauri ne, wanda zai iya kaiwa rai-da-rai. Ko a Amurka, inda mallakar bindiga haƙƙi ne a tsarin mulki, dokar jihar Tekzas ta hana mai harbi fakewa da kare kai idan ya raunata wani na gefe bisa ganganci.

Kuɓuta daga tuhumar laifi ba ta rufe ƙofar biyan diyya, tun da wanda aka raunata ko magadansa na iya shigar da ƙara kan sakaci, su nemi kuɗin magani da asarar abin da mamacin yake ciyar da su. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci, irin wannan kisa yakan faɗa ƙarƙashin kisan kuskure, wanda babu ƙisasi a cikinsa amma akwai diyya ta raƙuma 100 ko dinare 1,000 na zinariya, wadda aƙila, wato dangin mai kisan ta wajen uba, ke ɗaukar nauyinta, shi kuma ya yi kaffarar azumin wata biyu a jere. Mallakar bindigar da ba ta da lasisi kuwa, ko da ta toka ce, laifi ne mai zaman kansa.

Abin da ya kamata mai riƙe da bindiga ya lizimta shi ne kada ya harba sai ya ga maharin ido da ido, ya kuma lura da abin da ke bayansa, domin zana da kwanon rufi ba sa tare harsashi, kuma ƙwayoyin bindigar farauta watsuwa suke yi gwargwadon nisa. Harbin iska don razanarwa ma ba shi da tabbas, saboda harsashin sai ya sauko, kuma zai iya faɗawa kan wani. Idan tsautsayi ya auku, a fara gaggauta kai majinyaci asibiti, domin dokar 2017 kan jinyar waɗanda aka harba ta wajabta wa asibitoci karɓarsa ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Daga nan sai mai harbin ya kai kansa ofishin 'yan sanda da bindigar da lasisinta, ya bar wurin da abin ya faru yadda yake, ya riƙe sunayen shaidu, kuma kada ya sa hannu a kan bayani sai lauyansa na nan, haƙƙin da sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya tanadar masa. Sulhu da dangin wanda abin ya shafa yana da amfani, amma a rubuta shi a gaban shaidu, tare da sanin cewa ba ya hana gwamnati gurfanar da mutum idan an rasa rai.