Kafin ka hau gadar kirifto

In za ka kai kuɗin kirifto daga Ethereum zuwa wata sarƙa (blockchain), galibi gada za ka bi. Ita kuwa sau da yawa kulle kuɗinka take yi cikin rumbu a wannan ƙetaren, ta ba ka madadinsa a wancan, tamkar takardar ajiya. Ranar da aka fasa rumbun, takarda ta tashi a banza.

Saboda haka bincika su wa ke riƙe da makullan, kuma su nawa ne. A Maris 2022 ɓarayi suka mallaki biyar cikin makullai tara na gadar Ronin, suka kwashe sama da dala miliyan 600. Sai bayan kwana shida aka farga. Kwana shida fa!

Fara tura kaɗan, ka ga ya isa. Kada ka bar dukiyarka ta daɗe a matsayin madadi.