Yadda Ake Daidaita Farantin Firintar Roba a Ƙasar Gobir

Firintar da ke narka zaren roba ta gina abu hawa-hawa ba baƙuwa ba ce a Kano ko Sakkwato, amma a Sabon Birni da Isa sai an tona. Wadda na fi sani ita ce Ender 3 ta kamfanin Creality, wadda ta fito a 2018, mai filin aiki milimita 220 kowane ɓangare a kan faranti. Wani matashi mai gyaran waya ne ke da ita a shagonsa, yana tayar da ita da batirin sola. Da ita yake fitar da marikin fanka, da murfin da ya ɓata, da 'yan ƙananan giyoyin da in suka karye sai an aika Sakkwato ko Maraɗi, a kan hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki.

Kukan kowane sabon hannu ɗaya ne: roba ta ƙi kama faranti. Nan take sai ya kai hannu ga tayoyin nan huɗu da ke ƙarƙashi ya yi ta murɗawa. Ba daga nan ake farawa ba.

Injin ba ya gani. Abin da ke gaya masa inda yake 'yan makunnai ne guda uku masu harshen ƙarfe, ɗaya a hagu, ɗaya a baya, ɗaya a ƙasa. Idan ka ba shi umarnin komawa gida, wato G28, zai tafi har ya taɓa kowannensu, daga nan yake fara lissafi. Saboda haka ka fara danna su da yatsa, ka ji ƙas ɗin nan. Ƙurar hunturu da ke sauko mana daga arewa tana shiga cikinsu, harshen ya sandare. In ka ji motar injin tana gurnani a ƙarshen layi ba ta tsaya ba, makunnin bai dannu ba, ka kashe wuta maza. In kuwa kan da ke fitar da roba ya ɗan matsa baya ya tsaya cak, yawanci waya ce ta zare ko ta tsinke, injin ya ɗauka ya riga ya iso. Mai kwamfuta ya haɗa ta ya tura M119, zai ga wanne ke danne, wanne ke sake. Wanda ba shi da ita, mitar gyaran waya ta isa.

Na ƙasan shi ne mai rigima. Noti biyu ne kawai ke riƙe da shi a jikin ginshiƙin hagu, girgiza kuma tana zame shi. Ya sauka kaɗan, bakin da roba ke fitowa ya caki faranti ya yi masa zane. Wanda ya ɗora gilashi a kan faranti kuma dole ya ɗaga makunnin gwargwadon kaurin gilashin. A sa alanki a ɗaure shi inda sifirin ɗin tayoyi za su kasance a matse kamar rabi, domin sakakken sifirin ba ya riƙe saiti ko na yini guda.

Sai aikin takarda, inda gwani ke bambanta da mai koyo.

A zafafa faranti zuwa digiri 60, baki kuma 200, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, saitin da aka yi da sanyi ba ya tsayawa. A goge ɗigon robar da ya daskare a bakin. Mutane da yawa shi suke aunawa ba su sani ba. A koma gida, a saki motocin, a tura kan zuwa kusurwa daidai saman taya. Sai a zura tsakanin baki da faranti farar takarda A4, wadda kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Hannu ɗaya na jan takarda gaba da baya, ɗayan na juya taya a hankali. Abin da ake nema shi ne ɗan karta, takarda ta wuce amma ka ji bakin yana shafar ta. Ta wuce sumul, akwai tazara. Ta lanƙwashe in ka tura, ka matse da yawa. Kuma kada gwiwar hannu ko yatsa ta jingina da faranti, nauyin nan kaɗan ya isa ya ɓata awo.

Na ga yaron shagon ya gama kusurwa huɗu ya miƙe yana murna. "Maigida, na gama." Maigidan bai ko ɗago ba, ya ce, "Ƙanena, koma ta farko ka ji." Da ya koma, takarda ta wuce ba ko karta. Kowace taya ka taɓa tana motsa sauran, sai an zagaya sau biyu ko uku kafin huɗun su yi murya ɗaya. Wannan jin ba ya cikin bidiyo. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a wannan yanki a 2021 mun san darajar ilimin da ya zauna a yatsa, kuma ina jin daɗin ganin jikokin maƙeran Gobir da wannan haƙuri.

In an zagaya har an gaji saiti bai zauna ba, kama faranti ka girgiza. Yana rawa, notin gilmar da ke matse ƙafafunsa ne ya saki. Duba kuma sandar da kan ke gudu a kai, domin sukurin ɗagawa ɗaya ne a hagu, ɓangaren dama kan sunkuya. In gefuna sun yi daidai tsakiya ta ƙi, farantin ne ya lotsa, maganinsa gilashi ko na'urar awo irin BLTouch.

Shimfiɗar farko ce alƙali. Zare ya fito zagaye yana yawo kamar taliya, baki ya yi nisa. Ya fito siriri har kana hango faranti, motar tura zare tana ƙas-ƙas, ya yi kusa. Daidai shi ne layi ya kwanta a ɗan baje, ya manne da ɗan'uwansa. Tun tana tafiya za ka iya taɓa taya kaɗan ka gyara. Ka goge faranti da sifirit kafin kowane aiki, in an tashi kuma a lulluɓe injin da zane saboda ƙura.