Yadda Za Ka Haɗa Ƙaramar Tankar Yaƙi Samfurin T-34 da Kwali da Taimakon Wayarka

Duk wanda ya taɓa haɗa motar kara ko ta gwangwani yana yaro ya riga ya san rabin darasinmu na yau. Ɗaya rabin shi ne awo, domin shi ke bambanta abin wasa da samfurin da za a kalla a ce ga tanka kaza. Kafin ka yanka kwali ko sau ɗaya, wayarka ce za ta fara aiki.

Tankar da za mu kwaikwaya

T-34 tankar Tarayyar Sobiyet ce da aka fara ƙerawa a 1940 a birnin Kharkiv, da ke ƙasar Yukren a yau, kuma ta yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu. Faɗinta mita 3 ne, tsayinta wajen mita 2.4, tsawonta har da bakin bindiga wajen mita 6.7. Tana da manyan ƙafafu biyar a kowane gefe, kowace faɗinta santimita 83. Jikinta kusan duk shafaffun faranti ne, shi ya sa ta dace da mai koyo.

Ma'anar 1:35

A kwalin samfuran da ake sayarwa za ka ga an rubuta 1:35 ko 1:72. Idan an ce 1:35, ana nufin an raba kowane awo na tankar gaskiya gida 35. Mutum mai tsayin santimita 175 zai koma santimita 5 ke nan. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa wannan ma'auni tun shekarun 1960.

Amma kai da za ka yi amfani da kayan gida, fara da abin da ba ka iya yankawa. Murfin robar lemo ne zai zama ƙafafunka. Sa rula ka auna shi. Idan ya kai santimita 3, buɗe kalkuletar waya ka raba 83 da 3, za ka samu kusan 28. Ma'auninka 1:28 ne, kuma da shi za ka raba komai:

Faɗi: 300 ÷ 28 = santimita 10.7
Tsawo: 670 ÷ 28 = santimita 24
Tsayi: 240 ÷ 28 = santimita 8.6

Ajiye waɗannan lambobi a manhajar rubutu. Da zarar ka auna wani sashe da ido, za ka ga ƙafafu sun fi ƙarfin jiki, ko bindiga ta zama kamar taɓarya.

Zane da yanka

Shiga Google ka rubuta T-34 blueprint, ka sauke zanen da ya nuna gefe da gaba da sama. Kai shi shagon buga takardu, ka ce a daidaita hoton gefe ya zama santimita 24. Zai shiga takardar A4 a kwance. Ɗora zanen a kan kwali ka bi layi da reza sabuwa, kana turawa nesa da yatsunka.

Ka kula da farantin gaba sosai. Kaurinsa milimita 45 ne kawai, amma an kwantar da shi baya har digiri 60 daga tsaye, don haka harsashin da ya taho kai tsaye sai ya ratsa ƙarfe milimita 90. Wannan kwanciya ita ce alamar T-34. A samfurinka, kusurwar da ke tsakanin farantin da shimfiɗar tebur digiri 30 ce. Auna ta da ma'aunin kusurwa na akwatin lissafi.

Sarƙar da tanka ke tafiya a kai faɗinta kusan rabin mita ne, wato santimita 1.8 a wajenka. Ɓare fuska ɗaya ta kwalin katan, tudu-tudun da ke ciki zai bayyana kamar haƙoran sarƙa. Kan tanka mai juyawa yana zaune ne ta wajen gaba, saboda injin yana baya. Soka masa tsinken tsire ta ƙasa don ya riƙa juyawa, ka yi bakin bindiga da bututun tawadar biro. Shafa fenti kore mai duhu, kafin ya gama bushewa ka barbaɗa ƙasa mai laushi a kan sarƙa.

Ɗaukar hoto

Fita da ita kan yashi da safe ko da la'asar. Juya wayar kanta ƙasa yadda kyamara za ta kusa taɓa ƙasa, ka taɓa tankar a allo don hoton ya fito tas. Daga wannan tsayin mutum ke ganin tanka ta gaske, shi ya sa za ta yi kama da ƙatuwa.

Gargaɗi ɗaya: hotunan da kake buƙata duk suna intanet. Kada neman misali ya kai ka ga ɗaukar hoton motar soja a shingen bincike ko bakin bariki, domin hakan na iya jawo maka kamu.

Idan ka gama, gwada wannan lissafi a kan wata mota mai sulke. Nemo faɗin tayarta, raba shi da faɗin murfinka, sauran awo duk zai biyo baya.