Darasi: Mu Je Bakin Kogi Mu Duba

'Yan'uwa a ƙungiyoyin manoma, darasinmu na wannan wata a bakin Kogin Hadejia za mu yi shi. A fara da addu'a, a karanta Farawa 2:15. Sa'an nan a fita da safe, a riƙe takarda da fensir.

Da fari mu raba abin da muka gani kashi biyu. Marasa rai su ne ruwa, da laka, da yashi, da iska, da rana. Masu rai kuwa su ne kachala, da goriba, da tarwaɗa, da karfasa, da katantanwa, da belbela, da mu kanmu.

Na biyu, mu lura da yadda suke cuɗanya. Da damina ruwa yakan malala cikin fadama, ya bar laka mai taki. Kifi yakan bi ruwan, ya yi ƙwai cikin ciyawa. In ruwa ya janye, manomi ya shuka a kan damshi, makiyayi ya sami kiwo. Gaiwa kuwa sai ta shige cikin laka ta jira wata damina.

Amma in aka taɓa abu ɗaya, sauran duka sukan ji. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Daga nan ambaliyar damina ta ragu, wuraren da suke bushewa da rani kuwa suka riƙa samun ruwa duk shekara. Kachala tana son haka. Takan cika hanyar ruwa ta rage gudunsa, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Sai ruwa ya ci gonar wani, na ƙasa kuwa ya rasa. Janbaki yakan fake cikin kachala, daga can ya faɗa wa shinkafa. Ruwa mai kwanciya kuma gidan sauro ne da katantanwar da take ɗauke da ƙwayar tsargiya.

To, ga aikinmu:

1. Mu kafa sanda a bakin ruwa, mu rubuta tsayinsa kowane mako.
2. Mu yi gayya tare da maƙwabtanmu, mu yanke kachala a ƙarƙashin ruwa domin ta ruɓe, mu buɗe magudana.
3. Kada mu wanke tankin feshi a kogi, gama guba takan kashe kifi.
4. Mu hana yara fitsari da wanka a ruwa mai kwanciya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti.

Tambayoyi: Wane kifi ne iyayenmu suke kamawa wanda ya yi wuya yanzu? Wa yake shan ruwan da ya wuce gonarmu, a Nguru da Gashuwa?

Magatakarda ya ajiye rubutun, ya kawo shi taro na gaba. A rufe da addu'a domin masunta da makiyaya da manoma duka.