Yadda ɗalibi ɗan Katolika daga Paikon Kore zai riƙe ibadarsa a karatun ƙasar waje

Ɗan Katolikan da ya tashi a Paikon Kore, cikin ƙaramar hukumar Gwagwalada, bai saba fita neman coci ba, domin cocin ne ke nemansa. In ba a gan shi ran Lahadi ba katikis zai tambayi iyayensa, ’yan Zumuntar Mata kuma su leƙo gida su ji ko lafiya. Fada ma ba wuyar gani yake yi ba a wannan yanki, tunda a Gwagwalada ne ƙungiyar Mishan ta Bulus Mai Tsarki, wadda Kadinal Dominic Ekandem ya kafa a 1977, take da makarantar horar da limamanta. A ƙasar waje kuwa babu mai cigiyar wanda bai gabatar da kansa ba. Shi ya sa shirin ke farawa tun kafin a sayi tikitin jirgi.

Abu na farko shi ne takardu. Ɗalibi ya nemi katin baftismarsa, ya duba ko an rubuta a ciki ranar da ya fara karɓar Jikin Kristi da ranar da aka yi masa kwamfameshan. In katin ya ɓace ko gara ta ci shi, sai ya tafi cocin da aka yi masa baftisma, domin a can rajistar take. In ƙaramin reshe ne da fada ke ziyarta, littafin na hedkwatar faris. Wanda ba a yi wa kwamfameshan ba gara ya nemi a yi masa kafin ya tashi, don a wasu ƙasashe sai babba ya bi aji na watanni. Ya roƙi fadan faris ɗinsa ya rubuta masa wasiƙar gabatarwa mai hatimi. In ya taɓa zama ɗan ƙungiyar ɗaliban Katolika ta Najeriya, wato NFCS, a Jami'ar Abuja ko a Jami'ar Veritas ta Bwari, shaidar hakan ma tana da amfani. Duk takardun a ɗauki hotonsu a adana a imel.

Daga nan sai neman cocin da za a je, tun ana gida. Hanyar da ta fi inganci ita ce shiga shafin intanet na dayosis ɗin garin da jami'ar take, a duba jerin faris-faris da lokutan Misa. Wannan jerin na da muhimmanci musamman a Ingila, inda wasu cocinan Anglika ke kiran kansu Anglo-Katolika, suna ƙona turare, suna kiran ibadarsu Misa, baƙo ya yi makonni yana zuwa bai gane ba. Yawancin jami'o'in Birtaniya na da fadan da aka keɓe wa ɗalibai. A Amurka irin wannan wuri ana kiransa Cibiyar Newman, da sunan John Henry Newman, malamin Oxford da aka ayyana waliyyi a 2019. Ta farko ta faro ne a Jami'ar Pennsylvania a 1893. Wanda zai tafi Masar ko Indiya zai iya tarar da Katolikan Gabas, kamar Kibɗawan Katolika ko ’yan Siro-Malabar, masu tsarin ibada dabam da na Roma. Suna ƙarƙashin Paparoma, kuma doka ta 1248 ta Ikilisiya ta ce halartar Misa a kowane tsarin Katolika na sauke farillar Lahadi.

Lahadin farko bayan sauka ita ce mafi nauyi a duk wannan al'amari, kuma ita aka fi yin sakaci da ita, da hujjar gajiya ko sanyi ko neman ɗaki. Wanda ya tsallake ta, ta biyun ta fi sauƙin tsallakewa. Bayan an tashi, fada kan tsaya a bakin ƙofa yana gaisawa da jama'a. Ɗalibi ya je ya gaishe shi, ya faɗi sunansa da ƙasarsa da abin da yake karanta, ya miƙa wasiƙar, ya nemi fom ɗin rajista. Kada ya ɗauki kansa baƙon da ke cin arziki: bisa doka ta 102, wanda ya zauna a wuri da niyyar yin wata uku ya zama ɗan faris ɗin wurin, da haƙƙoƙinsa da nauyinsa. In an ce akwai shayi a zauren coci, ya tsaya ya sha ko ba ya so, don a nan ake sanin mutane.

Zai ga bambanci, kuma gara ya sani tun wuri. Misar da ake kai awa biyu a gida, da ganga da tulu da rawar kai baiko, a Turai ba ta cika kai awa ɗaya ba, galibin masu zuwa kuma tsofaffi ne. Mutane da yawa kan yanke hukunci a nan cewa cocin ya mutu, su daina zuwa. Gaggawa ce. Karatun Littafi Mai Tsarki na Lahadi kusan ɗaya ne a tsarin Roma ko'ina a duniya, yana zagayawa duk shekara uku, saboda haka bisharar da aka karanta a Landan ita uwarsa ta ji a Paikon Kore, kuma ya ishe su hira a waya da yamma. Inda ba Turanci ake yi ba, kamar Faransa ko Jamus, ya karanta nassin ranar tun daga gida, ya bi sauran da sanin da ya riga ya yi wa tsarin.

A manyan birane akwai tarurrukan Katolikan Najeriya, kuma Ingila da Wales na da ofishin fada na musamman domin ’yan Najeriya. Zuwa can na kashe kewar gida. Sai dai sau da yawa Ibo da Yarbanci ake ji, Hausa kaɗan, Gbagyi kuwa sai an yi sa'a, wurin kuma kan yi nisa. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a riƙe faris na kusa kowane mako, a bar taron ’yan gida ya zama na lokaci-lokaci.

Abin da ya fi raba ɗalibai da coci ba gardamar aƙida ba ce, aiki ne. Bizar karatun digiri a Birtaniya na ba da damar aikin awa 20 a mako lokacin da ake zangon karatu, kuma aikin da ake samu a gidajen kula da tsofaffi da shaguna yawanci na ƙarshen mako ne. Tun ranar karɓar aiki ya gaya wa mai tsara jadawali lokacin da yake bukata. Misar yammacin Asabar na tsayawa a madadin ta Lahadi, cibiyoyin ɗalibai da dama kuma na yin tasu da yammacin Lahadi.

Cikin watan farko ya karɓi hidima ɗaya: mawaƙa, karatu, Rundunar Maryamu, ko ƙungiyar Vincent de Paul mai taimakon mabukata. Ɗaya ta isa, karatu ne ya kai shi. Wanda ke son koyar da yara a Ingila sai an yi masa binciken tarihin laifi da ake kira DBS, kuma kowa ake yi wa, ba zargi ba ne.

Dokokin azumi da ranakun farilla na wurin da mutum yake zaune ne ke hawa kansa. Azumin Larabar Toka da na Juma'ar mutuwar Yesu na kan kowa daga shekara 18 zuwa 59, amma bishop-bishop na Ingila da Wales sun maido da ƙaurace wa nama kowace Juma'a tun 2011, a yawancin Amurka kuma an mayar da bikin hawan Yesu sama daga Alhamis zuwa Lahadi. Takardar sanarwar mako ta faris kan faɗi waɗannan, har da lokacin furta zunubi, wanda doka ta wajabta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Jamus na da nata tarko. Wurin rajistar mazauni ana tambayar addini, kuma ɗan Katolika na biyan harajin coci, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin albashinsa, ba na albashin kansa ba. Ɗalibin da samunsa bai kai a caje shi harajin albashi ba, ba ya biyan komai. Duk da haka abokai kan ba da shawarar a ce ba a da addini. Ya guji wannan, domin tun 2012 bishop-bishop na Jamus suka ce wanda ya sanar wa hukuma ya fita daga coci ba zai karɓi sakramen ba sai ya dawo.

In maganar aure ta taso a can, za a nemi sabuwar takardar baftisma daga gida, galibi wadda ba ta wuce wata shida da fitowa ba, tare da shaidar cewa bai taɓa aure ba. Auren wanda ba Katolika ba na bukatar izinin bishop, kuma dayosis da yawa na son a sanar da su wata shida kafin ranar. Duk sakramen da aka karɓa a waje, aure ne ko kwamfameshan, ya tabbatar fadan can ya aika sanarwa zuwa cocin da aka yi masa baftisma a Babban Dayosis na Abuja, a shigar da shi cikin rajista, shi kuma ya riƙe kwafi.