Yadda A Ke Gina Ƙwaƙwalwar Kwamfuta A Cikin Wasa: Darasi Domin Hakimai Da Malamansu

Hakimai da dagatai da masu unguwannin cikin birni sun sha jin kukan iyaye game da yaran da su ke wuni a kan waya ko kwamfuta suna wasa. Kukan nan yana da tushe, gama da yawa daga cikin wasannin ɓata lokaci ne kurum, waɗansu ma caca ce aka yi wa ado. Amma akwai wani iri dabam wanda ya kamata shugabanni su san shi, don kada a yi kuɗin goro, a hana yaro abin da zai amfane shi. Har wa yau, malaman Hakimai da yawa aikin rajista da lissafi ya koma musu kan kwamfuta. Wanda ya san yadda ta ke yin lissafinta ba zai ji tsoronta ba, ba kuwa zai karɓi duk abin da ta fitar ido rufe ba. Saboda dalilan nan biyu aka shirya wannan darasi.

Wasan Da Kayan Aikinsa

Sunan wasan Minecraft. Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ya fara fitar da shi a 2009, aka kammala shi a 2011, sa'an nan kamfanin Microsoft na Amurka ya saye shi a 2014 a kan dala miliyan 2,500. A cikinsa ba a ba mutum labarin da zai bi. Fili a kan ba shi mai faɗin gaske, wanda kome nasa na tubali ne mai murabba'i: ƙasa, da dutse, da itace, har ruwa. Ya haƙa inda ya so, ya gina abin da ya ga dama.

A 2010 aka ƙara wani ma'adini a cikin wasan, wanda masu yinsa su ke kira redstone, watau jan dutse. In an barbaɗa garinsa a ƙasa a jere, sai ya ɗauki ƙarfi daga wannan wuri zuwa wancan kamar wayar lantarki. Ƙarfin ba ya wuce tubali 15, sai an sa masa wani abu mai sabunta shi, wanda za mu kira zango. Akwai makunni, wanda a ke ɗagawa ko a sauke. Akwai kuma 'yar fitilar jan dutse, ita ce kuwa gishirin al'amarin duka. Halinta shi ne gardama: in ba a kai ƙarfi ga tubalin da ta ke manne da shi ba, tana ci, da zarar an kai ƙarfi, sai ta mutu. Masu wasan sun yi waɗannan abubuwa ne don buɗe ƙofa da ɗana tarko. Yara da samari su suka gano cewa kayan sun isa a gina kwamfuta.

Ƙirga Da Biyu-Biyu

Na'ura ba ta san alƙaluma goma ba. Abu biyu ta sani, akwai wuta ko babu, watau 1 ko 0. Wannan ba zai ba tsofaffin malaman haraji mamaki ba. Kafin naira ta zo a 1973, malami ya kan tara kwabo har 12 kafin ya kai sule ɗaya gaba, ya tara sule har 20 kafin ya kai fam ɗaya gaba, kuma da haka aka riƙa lissafin haraji da jangali shekara da shekaru. Ashe ba dole ba ne a jira goma kafin a kai gaba. Na'ura ita a kan biyu ta ke kaiwa.

A jera fitilu huɗu. Ta hannun dama darajarta 1, mai bi mata 2, mai bi mata 4, ta ƙarshe a hagu 8. In ana son rubuta 13 sai a kunna ta 8 da ta 4 da ta 1, a bar ta 2 a mace. A takarda sai a rubuta 1101. Fitilu huɗu suna ƙirgawa daga 0 zuwa 15, takwas suna kaiwa 255, goma sha shida kuwa har 65,535.

Baturen Jamus Leibniz ya rubuta bayanin irin wannan ƙirga a 1703. Amma wanda ya taɓa ganin mai bugun ƙasa a bakin kasuwa ya riga ya ga shigenta. Mai bugun ƙasa ya kan yi ɗige-ɗige a rairayi, ya soke su bibbiyu, ya duba ko saura ɗaya ko biyu, watau mara ko cika. Layi huɗu su ke ba shi siffa guda, siffofin kuwa 16 ne cif, daidai da abin da fitilu huɗu su ke bayarwa. Abin da malamai suka faɗa game da duba sananne ne, ba kuwa shi mu ke yabo ba. Ƙirgar kaɗai mu ke nunawa.

Ƙofofi

Kowa a Kano ya san aikin ƙofa. A zamanin da ganuwa ta ke tsaye da ƙarfinta, Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Nasarawa da sauransu kowace da sarkin ƙofarta, shi ke da ikon bari a wuce ko a hana. Masana kwamfuta su ma ƙofa su ke kiran ƙananan sassan da a ke gina ta da su, gama aikinsu ke nan: su duba abin da ya zo, su bar wuta ta wuce ko su hana, bisa ƙa'ida guda wadda ba ta sākewa. George Boole na Ingila ya tsara ƙa'idodin a littafinsa na 1854, Claude Shannon na Amurka kuma ya nuna a 1937 cewa ana iya aikata su da makunnan lantarki.

Ta fari ita ce Ƙofar A'a, watau 'yar fitilar nan mai gardama. A ba ta 1 ta fitar da 0, a ba ta 0 ta fitar da 1. Ta biyu Ƙofar Ko. Ita ba ta da wuya: a haɗa hanya biyu na garin jan dutse su zama ɗaya, ko wacce ta kawo wuta, wuta ta wuce.

Ta uku ita ce Ƙofar Da, wadda ba ta buɗewa sai hanyoyin biyu duka sun kawo wuta, kamar akwatin kuɗi mai makulli biyu da ba ya buɗuwa sai mutum biyu sun hallara. Ga yadda a ke gina ta, a kuwa bi a hankali. A sa fitila a bakin kowace hanya. A haɗa abin da fitilun biyu su ke fitarwa a hanya guda, a kai ta ga fitila ta uku. In hanya ɗaya ba ta kawo wuta ba, fitilarta tana ci, saboda haka tana kashe ta ukun. Sai hanyoyin biyu sun kawo wuta, fitilun biyu sun mutu, sa'an nan ta uku ta sami sararin kamawa. Fitila uku ke nan da ɗan gari.

Daga waɗannan a ke haɗa ta huɗu, Ƙofar Ɗaya Tak, mai buɗewa in hanya ɗaya kaɗai ta kawo wuta, ta rufe in duka biyu sun kawo ko duka babu. Mai bugun ƙasa in zai haɗa siffa biyu ya fid da ta uku, wannan ƙa'ida ya ke bi layi-layi: mara da cika su ba da mara, mara da mara su ba da cika.

Yadda Ƙofofi Su Ke Yin Tarawa

A ƙirgar biyu-biyu, 0 da 1 sun zama 1, amma 1 da 1 sun zama biyu, watau a rubuta 0 a riƙe 1 a kai gaba. Duba da kyau: abin da a ke rubutawa shi ne amsar Ƙofar Ɗaya Tak, abin da a ke riƙewa kuwa amsar Ƙofar Da. Ƙofa biyu sun yi tarawar gida ɗaya ke nan. Gida na gaba yana karɓar abu uku, alƙaluma biyu da abin da aka riƙo, don haka a kan ninka ginin sau biyu a ƙara Ƙofar Ko. A jera irinsa takwas, an sami na'ura mai tara kowace lamba biyu muddin jimlarsu ba ta wuce 255 ba.

Alal misali 5 da 3, watau 0101 da 0011. Gidan dama, 1 da 1: a rubuta 0 a riƙe 1. Gida na biyu, 0 da 1 da wanda aka riƙo: 0, a riƙe 1. Na uku, 1 da 0 da wanda aka riƙo: 0 kuma, a riƙe 1. Na huɗu ba kome sai wanda aka riƙo, a rubuta 1. Amsa 1000, watau 8. Babu inda tunani ya shiga cikin wannan aiki.

Allo, Ganga, Da Littafin Umarni

Mai tarawa kaɗai bai zama kwamfuta ba, sai an ƙara abu uku. Na fari wurin ajiya. In an sa fitila biyu kowace tana iya kashe 'yar'uwarta, wadda ta ke ci za ta danne ɗayar har sai an zo an juya su. Ta haka a ke tuna 1 ko 0. Takwas a jere sun zama allo mai riƙe lamba guda, alluna da yawa sun zama rumbu.

Na biyu agogo, wanda ya fi kama da gangar gayya. Makaɗi ya buga, garemani su sauka tare. Haka a ke yin zobe na fitila da zanguna wanda ya ke kamawa yana mutuwa a kai a kai, kowane sashe ya yi taki ɗaya a kowane bugu. In an yi gaggawar kiɗan kafin wuta ta gama ratsa ƙofofi, lissafi ya ɓaci.

Na uku littafin umarni, da wani allo mai nuna layin da a ke kai. Ga misalin umarnin da zai sa na'urar da ba ta iya sau ba ta fid da 7 sau 3:

1. Rubuta 0 a allo na fari.
2. Rubuta 3 a allo na biyu.
3. Ƙara 7 a kan allo na fari.
4. Ɗebe 1 daga allo na biyu.
5. In allo na biyu bai zama 0 ba, koma layi na 3.
6. Tsaya.

Bayan taki 12, allo na fari zai nuna 21. Layi na 5 shi ne ya raba kwamfuta da sauran injunan lissafi, gama da shi ta ke duba sakamako ta zaɓi hanya.

Waɗanda Suka Gina

A 2010 wani saurayi Ba'amurke, Ben Craddock, ya gina sashen lissafi mai fitila 16 a cikin wasan, yana bin littafin koyarwa na Noam Nisan da Shimon Schocken. A 2021 wani da a ke sani da laƙabin Sammyuri ya kammala cikakkiyar ƙwaƙwalwa mai suna CHUNGUS 2, mai aiki da fitila takwas-takwas, rumbunta na ɗaukar lamba 256, gangarta na bugu ɗaya a sakan. A 2022 shi da abokansa suka sa ta gudanar da ƙaramin Minecraft a cikin Minecraft, ko da ya ke sai da aka hanzarta wasan ƙwarai kafin ido ya iya bin motsinsa.

Nawarta ba ta ɓoyuwa. Kowace fitila ta kan ɗauki kashi ɗaya cikin goma na sakan kafin ta juya. Ƙwaƙwalwar wayar hannu kuwa tana bugu wajen sau miliyan 2,000 a sakan. Yawan bugun da waya ta yi a sakan guda, sai na'urar wasa ta shekara fiye da 60 kafin ta cika shi. Amfaninta a wani wuri ya ke. Ƙwaƙwalwar Intel 4004 ta 1971 tana da ƙananan makunnai 2,300, ta yau kuwa dubban miliyoyi a fili kamar farce, ba mai iya ganinsu. Ta cikin wasa girmanta ya kai unguwa, yaro yana shiga lungunanta, ya bi wuta da ido, ya ga inda ta tsaya, ya rushe ya gyara. A ganinmu, yaron da ya gina mai tarawa da hannunsa ya riga ya taka matakin farko na darasin da ɗaliban ilmin kwamfuta su ke yi a jami'a.

Abin Da A Ke Roƙon Hakimai

In uba ya kawo ƙara, a tambayi yaron ya nuna abin da ya gina, ya kuma yi bayaninsa. Mai gini zai yi ta zuba har a gaji, mai ɓata lokaci kuwa ba zai sami abin faɗa ba. Ko mai ginin ma a yanka masa lokaci, kada ya shiga hakkin salla da makaranta da aiken gida, a kuma lura da baƙin da ya ke hira da su ta intanet. Duk wasan da a ke zuba kuɗi don a ci kuɗi ba ya cikin wannan magana. Minecraft na sayarwa ne, amma akwai makamancinsa na kyauta, Luanti, wanda kafin 2024 a ke kira Minetest. In an ƙara masa abin da a ke ce wa Mesecons, ana gina ƙofofin nan duka.

Malaman Hakimai kuwa ba su bukatar na'ura don su gwada. A jera ƙorai takwas a zaure, darajarsu daga dama 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128. Ta kife 0 ce, ta buɗe 1. A rubuta 200, watau 128 da 64 da 8. A ƙara 100 a kai, watau 64 da 32 da 4, ana riƙewa ana kaiwa gaba kamar yadda aka nuna. Amsar gaskiya 300 ce, amma ƙorai za su nuna 32 da 8 da 4, watau 44, gama ɗayan da aka riƙo daga gida na takwas bai sami ƙwaryar da zai zauna ba, ya tafi da 256. Magina su kan sa fitila ta tara don ta yi gargaɗi in haka ta faru. Inda ba a sa ta ba, na'ura za ta ba da 44 ba tare da ta ce uffan ba, sai malamin da ya san yawan gidajen unguwarsa ne zai gane lambar ba daidai ta ke ba.